Sanda Ɗaya, Amsa Uku: Tarihin Awon Gungume

Gabatarwa

Kawuna ɗan katako ne. Shekara fiye da ashirin ke nan yana da rumfa a kasuwar 'yan katako, kuma a nan na yi yawancin hutun makaranta tun ina firamare, ina riƙe masa littafi duk ranar da tirela ta iso daga Kudu. Aikina ƙirga ne: falanki nawa, tubaifo nawa, tubaitiri nawa. Wannan ƙirga ba ta da gardama, domin abin da aka riga aka tsaga ido na ganinsa, hannu na taɓa shi. Ranar da na gaya masa an ba ni gurbin karatun ilimin gandun daji a jami'a, sai ya yi murmushi ya ce, "To ɗana, in ka je ka tambayo mini abu guda. Mu dai falanki muke saye. Shi wanda ya sayi gungumen tun ba a tsaga shi ba, yaya aka yi ya san falanki nawa ne a cikinsa?"

Sai da na kai aji uku na gamu da amsar, kuma ta zo mini da rikici. Wata safiya malaminmu ya fito da wata sanda daga ma'ajiyar kayan aiki, doguwa kamar sandar makiyayi amma mai fuskoki a shafe, kowace fuska cike da ƙananan lambobi. Ya kai mu gaban wani gungume mai tsawon ƙafa 16, wanda faɗin ƙaramin bakinsa inci 12 ne idan an cire ɓawo. Ya sa mutum uku a cikinmu su ɗora sandar a bakin gungumen, kowa ya karanta layin lambobi dabam. Na farko ya ce 64. Na biyu ya ce 79. Ni na ce 95. Muka dubi juna, kowa na zargin idon ɗan'uwansa. Malam ya ce, "Duk cikinku babu wanda ya yi kuskure. Ku je ku binciko dalili."

Wannan maƙala sakamakon binciken nan ce. Abin da na gano shi ne, lambobin da ke jikin sandar hasashe ne na abin da zarto zai fitar, kuma a cikin kowane hasashe an riga an yanke hukunci kan wanda zai ɗauki asarar da ke tsakanin gungume da falanki.

Igiyar Hoppus

Matsalar ta samo asali daga siffa. Allah ya halicci itace a mulmule, gindinsa ya fi kansa kauri, shi kuwa magini falanki yake so mai kusurwa huɗu. Kafin a fitar da mai kusurwa daga mulmulalle dole a zubar da gefe huɗu, dole haƙoran zarto su ci rabonsu su mayar da shi dusa. Mai sayarwa yana ganin duk gungumen nasa ne, a biya shi. Mai saye kuwa cewa yake yi ba zai biya kuɗin dusa ba.

Kafin sanda, igiya aka fara amfani da ita. A Ingila, inda ake sassaƙa itatuwa su zama ginshiƙan gidaje da na jiragen ruwa, masu awo sukan zagaya tsakiyar gungume da igiya, su ninka ta gida huɗu, su ɗauki tsawon ninki ɗaya a matsayin gefen ginshiƙin da za a samu. A shekarar 1736 wani mai awon gine-gine da ake kira Edward Hoppus ya buga littafin jadawali wanda ya sauƙaƙa wannan lissafi, har wanda bai yi nisa a karatu ba zai iya buɗewa ya ga amsa. Dabarar ta girme shi, amma jadawalinsa ne ya yaɗa ta, sunansa kuma ya bi ta har aka riƙa cewa "ƙafar Hoppus".

Misali zai fayyace abin. A ɗauki gungume mai kewayen inci 48 a tsakiyarsa da tsawon ƙafa 12. Rubu'in kewayen inci 12 ne, wato ƙafa ɗaya. Saboda haka a lissafin Hoppus gungumen ƙafa 12 ne. Amma idan aka auna ainihin itacen da ke jikinsa za a sami fiye da ƙafa 15. Kusan kashi 21 cikin ɗari an yafe shi tun kafin a fara ciniki, da sunan abin da gatari da gizago za su zubar.

Wannan awo ya bi Turawan Ingila duk inda suka kafa mulki. Da shi aka auna itacen tik a Indiya da Bama, kuma har yau a ƙasar Bama ana cinikin tik da tan na Hoppus, wanda yake ƙafa 50. Da shi ne kuma ma'aikatan gandun daji na zamanin mulkin mallaka suka riƙa lissafa gumaguman da ake sarowa daga dazuzzukan kudancin Nijeriya, ana haɗa su a ruwa zuwa garuruwa irin su Sapele, garin da har wani nau'in katako ya ci sunansa a kasuwannin duniya. Wato tun kafin katako ya hau tirela ya nufo rumfar irin su kawuna, igiyar wani mutumin Landan ta riga ta zagaya kakanninsa.

Ƙafar falanki da mutum biyu

Ita sandar kuwa 'yar Amurka ce. A can, a ƙarni na 19, buƙatar jama'a falanki ce ta gina gidaje da rumbuna da garuruwa sababbi, saboda haka suka ɗauki ma'aunin da ya dace da buƙatarsu: falanki mai tsawon ƙafa ɗaya, faɗin ƙafa ɗaya, kaurin inci ɗaya. Shi zan riƙa kira ƙafar falanki. Ana ciniki da dubu-dubunsa. Tambayar mai injin tsaga katako ita ce tambayar kawuna: ƙafar falanki nawa ke kwance a cikin wannan gungume?

Mutum na farko da amsarsa ta yi tasiri shi ne Edward Doyle, wanda ya buga ɗan littafin lissafi na aljihu a garin Rochester na jihar New York wajen shekarar 1825. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce ƙwarai. A auna faɗin ƙaramin bakin gungume, a cire inci 4 saboda ɓarin gefe, a raba saura gida huɗu, a ninka abin da ya fito da kansa, sannan a ninka da tsawon gungumen. Gungumenmu na makaranta: 12 a cire 4 saura 8, a raba huɗu ya zama 2, 2 sau 2 ya zama 4, sau 16 ya ba da 64. Ko a tsakiyar daji, ko ba takarda, mutum zai iya yin wannan da ka.

Sauƙin nan shi ne ƙarfinta, kuma a cikinsa aibinta yake. Inci huɗun da Doyle ya cire bai duba girman gungume ba. Ga gungume mai faɗin inci 40, inci huɗu ɗan kaɗan ne. Ga mai inci 8 kuwa, rabin faɗinsa ke nan aka ɗauke. A ƙa'idar Doyle gungume mai inci 8 da tsawon ƙafa 16 ƙafar falanki 16 kacal yake da ita, alhali zarto mai kyau zai fitar da kusan 40. A zamanin Doyle wannan bai dami kowa sosai ba, domin dazuzzukan cike suke da manyan itatuwa, ba mai ɓata lokacinsa kan ƙanana.

Na biyu shi ne J. M. Scribner, wani limamin coci na karkara, wanda ya fito da tasa hanyar a 1846. Shi zane ya yi. Ya zana da'irori masu girma dabam-dabam, kowace tana wakiltar ƙaramin bakin gungume, sannan ya jera bakunan falankai masu kaurin inci ɗaya a ciki, yana barin rubu'in inci tsakanin kowane biyu domin cin zarto. Ya ƙirga abin da ya shiga, ya rubuta a jadawali. Daga nan ne lamba 79 ta fito. Hanyarsa ta fi kusa da gaskiya a kan ƙananan gumagumai, amma ya ɗauki gungume tamkar bututu wanda kaurinsa ɗaya ne daga kai har gindi. Duk ƙarin kaurin da ke wajen gindi bai shiga lissafi ba, kuma gwargwadon tsawon gungume gwargwadon abin da ya salwanta.

Wani abin dariya ya biyo baya. Littafin Scribner ya yi kasuwa ƙwarai, amma daga baya masu buga shi suka cire jadawalinsa suka sa na Doyle, sunan Scribner kuma yana nan a bango. Aka daɗe mutane suna ciniki da ƙa'idar wani suna kiran ta da sunan wani.

Mai awo a bakin kogi

Ɗaukar littafi cikin dusar ƙanƙara wahala ce, saboda haka aka kwashe jadawalin aka buga shi a jikin sanda. Ana yin ta da itace mai tauri mai ɗan lanƙwasa, a sa mata ƙarfe a kai domin ta kama gefen gungume. Layi ɗaya na inci ne, sauran layukan kuwa kowanne na tsawon gungume dabam ne, na ƙafa 12, na 14, na 16. Mai awo zai ɗora ta a ƙaramin baki, ya dubi inda ɓawo ya fara, ya karanta lambar da ke layin tsawon, shi ke nan. Sana'ar ƙera waɗannan sanduna ta bunƙasa har ta haifi kamfanoni. Kamfanin Lufkin, wanda har yau ake ganin sunansa a jikin tef ɗin awo, da ita ya fara a garin Cleveland a 1869, daga baya ya koma Saginaw ta jihar Mishigan domin ya kusanci masu sayen kayansa.

Ba banza ya zaɓi Saginaw ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Mishigan ce kan gaba wajen katako a Amurka, saboda dazuzzukanta na farin fain. A shekarar 1882 kaɗai injinan da ke bakin kogin Saginaw sun tsaga fiye da ƙafar falanki biliyan ɗaya. Da hunturu ake sara. Dawakai su ja gumaguman a kan hanyar da ta daskare zuwa bakin kogi, a tara su tsibi-tsibi, a buga wa kowanne hatimin mai shi da guduma. Idan ƙanƙara ta narke sai a tura su ruwa ya kai su injin.

A wannan tsibi ne mai awo yake tsayawa da sandarsa da allinsa da littafinsa. 'Yan kwangilar sara da dubun ƙafar falanki ake biyansu, masu ƙasa ma haka, saboda haka abincin gidaje masu yawa yana rataye da abin da alƙalaminsa ya rubuta. Kuma sanda ba ta gama masa aikin ba. Idan gungume yana da kogo, ko ruɓa a zuciya, ko tsaga, ko ya karkace kamar baka, shi zai duba da ido ya yanke nawa za a rage. Idan baki ba da'ira sosai ba ne, shi zai zaɓi inda zai ɗora sandar. Rabin inci a nan, rabin inci a can, a kan gumagumai dubu goma, dukiya ce. Sau da yawa kuma albashinsa daga hannun mai saye yake fitowa. Wannan ya sa wasu jihohi, kamar Minesota, suka kafa ofishin gwamnati na musamman mai kula da awon gumagumai, domin a sami wanda ba ya cin tuwon kowane ɓangare.

Da kiɗa ya canza

Hausawa sun ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A nan kiɗa ya canza sau biyu, sanda kuwa ta tsaya inda take.

Canji na farko na zarto ne. Tsohon zarto mai kewaya yana da kauri, yana cin rubu'in inci ko fiye a kowane yanka. Daga shekarun 1880 manyan injina suka fara komawa ga zarto mai kama da ɗamara, siriri, wanda cinsa bai wuce kusan rabin wancan ba. Itacen da a da yake zama dusa yanzu ya zama falanki. Mai injin ya sayi gungume a kan lissafin tsohon zarto, ya tsaga da sabo, abin da ya haura ya zama nasa. Har suna suka ba wannan bambanci, wanda a Hausa za mu ce rara.

Canji na biyu na dajin ne kansa. Manyan itatuwan da suka shekara ɗaruruwa suka ƙare, aka dawo kan ƙanana da waɗanda suka sake tsirowa. Nan fa aibin Doyle ya fito fili, domin kasuwa ta koma daidai inda ƙa'idarsa ta fi tauye mai sayarwa. Ƙaramin manomi mai ɗan daji a bayan gonarsa, wanda bai taɓa jin sunan Doyle ba, shi ya fi kowa ɗaukar wannan nauyi.

Akwai ma abin da ya fi wannan. An lura cewa a wajen inci 28 ƙa'idojin biyu suna haɗuwa: ƙasa da haka Doyle ce ke ba da ƙaramar lamba, sama da haka Scribner ce. Sai wasu masu saye suka haɗa su a sanda ɗaya, suka ɗauki Doyle ga ƙananan gumagumai, Scribner ga manya, suka kira ta Doyle-Scribner. Kowane gungume ka kawo, ƙaramar lambar ce taka. Masu kare ta sun ce an yi ta ne domin tsofaffin itatuwa masu yawan aibi. Ko da haka ne, duk wanda ya taɓa ganin mudun saye dabam da mudun sayarwa a hannun mutum ɗaya zai gane wannan sanda da gani ɗaya.

Gyaran Clark

Wanda ya yi ƙoƙarin gyara na ilimi shi ne Judson F. Clark, masanin gandun daji ɗan Kanada. A 1906 ya buga ƙa'idar da ya kira ta ƙasa da ƙasa. Ya raba gungume gunduwa-gunduwa na ƙafa huɗu, ya ƙara rabin inci na kauri ga kowace gunduwa yayin da ake gangarawa gindi. Ya ware cin zarto dabam, ɓarin gefe dabam, ya kuma bar wani abu saboda ƙanƙancewar katako idan ya bushe. Ya fara da zarto siriri, sannan a 1917 ya fitar da wadda ta dace da zarto mai cin rubu'in inci. Ita ce ta ba ni 95 a ranar nan, kuma masana sun yarda ita ce ta fi kusa da abin da injin kirki yake fitarwa.

Mai karatu zai zaci daga nan gardama ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A 1973 wani ma'aikacin hukumar gandun dajin Amurka, Frank Freese, ya tattara ƙa'idojin awon gungume da aka yi amfani da su a Amurka da Kanada, ya sami fiye da 95, masu sunaye kusan 185. Har yau kuma a gabashi da kudancin Amurka ƙa'idar Doyle ce ta fi yawa a cinikin itatuwa masu tauri, shekara ɗari biyu bayan haihuwarta.

Adalci ne in kawo hujjar masu riƙe da ita. Suna cewa ƙaramin gungume ya fi cin wahala: a ɗauke shi, a juya shi, a tsaga shi, falankin da zai fito kuma siriri ne mai arha, saboda haka tauyewar Doyle tana biyan wannan wahala. Suna kuma cewa kowa a kasuwa ya san halinta, farashi ya riga ya daidaita da ita, wanda zai sayar da awon Doyle sai ya tsuga kuɗin kowace dubu. Akwai gaskiya a nan. Sai dai hujjar tana tsayawa ne idan ɓangarorin biyu sun san abin da sandar ke ɓoyewa. Mai injin yana awo kullum, ya san rararsa kamar yunwar cikinsa. Manomin da zai sayar da dajinsa sau ɗaya ko sau biyu a rayuwarsa fa? Idan mutum biyu suka taya masa, ɗaya da awon Doyle ɗaya da na Clark, zai iya zaɓar mai babban farashi ya koma gida da ƙaramin kuɗi.

A yau manyan injina da yawa sun ajiye sanda. Wasu suna ɗora mota a sikeli su sayi itace da nauyi, wasu suna auna ainihin girmansa da mita, wasu kuma na'ura ce mai haske take zagaya gungume ta aika wa kwamfuta siffarsa kafin zarto ya taɓa shi. Duk da haka dusa ba ta daina zuba ba, kuma har yanzu sai an yanke wanda zai ɗauki nauyinta.

Kammalawa

Da na gama karatu na koma rumfar kawu na zayyana masa duk wannan, har na zana masa da'irar Scribner a bayan rasit. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe su ma suna da tiya babba da ƙarama." Ya yi shiru kaɗan, ya ƙara da cewa, "Amma su ko ba komai suna da sandar da za a yi gardama a kanta."

Na san abin da yake nufi. Bara waccan wani ɗan'uwanmu a ƙauye ya sayar da maɗacin da kakanmu ya bari a gona. Masu injin sara suka zo, suka zagaya shi, suka ɗaga kai suka duba, suka faɗi kuɗi, ya ce Allah ya sa albarka. Ba igiya, ba sanda, ba takarda. Su sun san falanki nawa suke hange, domin sana'arsu ce. Shi kuwa sai da ya ga lodin da aka fitar jikinsa ya yi sanyi. Ban ce sun zalunce shi ba, abin da ya amince da shi suka ba shi. Amma ciniki ne tsakanin mai ido da wanda aka rufe wa fuska.

Darasin da na ɗauka daga Hoppus da Doyle da Scribner da Clark shi ne, duk ma'auni mutum ne ya yi shi, a wani zamani, da irin zarton zamaninsa da irin dajin zamaninsa, kuma yakan daɗe bayan waɗannan sun shuɗe. Wanda ya san yadda aka gina shi zai iya ciniki da kowanne bai cutu ba. Aikin irinmu da aka kashe wa kuɗi muka karanta gandun daji shi ne mu kai wannan sani inda itatuwan suke. Igiya da za a ninka gida huɗu ba ta fi ƙarfin kowa ba, lissafinta kuma ɗan firamare zai iya. A gonar nan tamu saura maɗaci biyu, kuma na riga na auna su na rubuta wa ɗan'uwan namu a takarda, na ce ya adana ta tare da takardun gona.